Shekarar da Shanu Suka Yi Mana Daɓe

Bazarar bana ta matsa ƙwarai. Tun kafin hantsi ya ɗaga, kwanon rufin ɗakina a Sabon Garin Wudil yake fara ƙara kamar ana tafiya a kansa, ruwan randa kuma ya yi ɗumi kafin azahar. A cikin wannan zafi ne maƙwabcina, wani matashi ma'aikacin jami'a, ya kawo motar haƙa ta tona masa rami a bayan gida domin kiwon kifi. Da safe aka fara, kafin la'asar har sun shimfiɗa baƙar leda mai kauri a ciki, sun danne bakinta da bulo. Na taka na duba aikin, na nuna masa cewa gefen gabas bai daidaita da sauran ba. Ya yi dariya cikin ladabi, ya ce, "Baba, kifi ba ya duba wannan." Ban ja maganar ba. Amma ƙamshin ɗanyar ƙasar da motar ta tono ya biyo ni har ƙofar gida, ya mayar da ni wata bazara da ta wuce shekara arba'in da ɗoriya, lokacin da mu ma muka yi fama da wani rami da ya ƙi riƙe ruwa.

A wancan zamani ina koyarwa a makarantar firamare a cikin Wudil, ina komawa gida a kan keke duk ƙarshen mako. Gidanmu yana wata ƙaramar unguwa a ƙasar Indabo, a kan jigawa, nesa da kogi. Ni kaɗai ne a cikin 'ya'yan mahaifinmu aka kai makarantar Mishan, bayan wata jinya da ya yi a asibitinsu, saboda haka ni na tafi aikin gwamnati, yayana Garba kuma ya riƙe gandu da gida bayan rasuwar tsohon. Yaya Garba mutum ne marar yawan magana, wanda idan ya faɗi abu sau ɗaya ba ya maimaitawa. Matarsa Hanne ita ce ta ɗauke masa maganar duka. Tun ina yaro ta laƙaba mini suna Baturen Gida, don ina wanke hannu da sabulu kafin in ci tuwo, kuma har ta bar duniya ba ta kira ni da wani suna ba.

Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke mana da wuri. Gero ya yi kai ƙanana, dawa ta tsaya a kara. Rumbunan da aka saba buɗewa sai an shiga bazara, a shekarar nan tun cikin ɗari aka fara jin ƙasansu. Hanne ta rage tuwo ya koma na dare kaɗai, da rana a dama kunu tsararo, a haɗa da kwaɗon busasshen zogale. Amma yunwa ba ita ce ta fi gallabar mutane ba, ƙishirwa ce. Rijiyar unguwa ta ja ƙasa har guga yana fitowa da taɓo, idan aka shiga yasa kuma yashi ya rufto. Sai aka koma kogi. Maza su kora jakuna da tuluna bayan sallar asuba, mata har da waɗanda ba su saba fita ba su bi bayansu da gammo, ba za a dawo ba sai rana ta take tsaka. Ruwan da aka wanke hatsi da shi a ba akuya, wanda aka yi wa yaro wanka da shi a zuba wa kaji. Na ga wuyan Hanne ya kumbura saboda tulu, ba ta fasa zolayar kowa ba, amma ta daina waƙa idan tana daka.

Ba zama muka yi muka naɗe hannu ba. Shekarar da ta gabata an yi gayya, an haƙa tafki a wani kwari yamma da unguwa, inda ruwan gonaki yake taruwa. An sha wuya a kansa, kuma an yi shi da kyau. Da aka gama, Liman ya ce ruwan da za a sha a yi alwala da shi ba a barin dabba ta sa baki ko ƙafa a ciki, kowa ya amince, domin haka muka gada. Aka sare ƙayar magarya aka kewaye tafkin da shinge mai tsawo, ko ɗan akuya ba ya ratsawa. Da marka ta zo tafki ya cika har baki, yara suna tsalle, tsofaffi suna hamdala. Kafin a yanke dawa babu ko ɗigo. Ba rana ce ta shanye shi ba, ƙasa ce. Gindinsa yashi ne, ruwan ya bi ta ƙasa ya tafi kamar an zuba shi a rariya.

Daga nan gidaje suka fara tashi. Yau ka ji wane ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, gobe ka ga an cire ƙyauren gidan wane. A daminar nan kuma bangon zauren da mahaifinmu ya gina da hannunsa ya zube ta gefe guda. Rani ya shigo, lokacin gini ya yi, Yaya bai taɓa shi ba. Wata Asabar na tsaya a kan tarin ƙasar na ce masa bai dace zauren Baba ya zauna haka ba.

Ya ce, "Da wane ruwan zan kwaɓa ƙasar, Malam? Da wanda Hanne take ɗaukowa a ka?"



Ya ƙara da cewa, "Ba zan yi gini a gidan da zan bari ba. Zan noma daminar nan. In tafkin nan ya sake ƙafewa, da na cire amfanin gona zan kwashe yara mu tafi inda ake da ruwa."

Na san ba barazana yake yi ba. Idan Yaya ya tashi, gidanmu ya zama kufai, kabarin iyayenmu kuma ya zama gonar wani.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne a kara, wato kasuwar shanu ta Wudil. Wani ruwa ya sauka ba a lokacinsa ba, irin wanda yake zuwa sau ɗaya ya kwantar da zafi ya wuce. Kwanaki bayan haka na bi ta karar a kan keke, sai na ga ko'ina ya bushe ƙurmus, amma inda ake tsayar da shanu ruwa yana kwance, har tsuntsaye suna sha. Ƙasar wurin da ta gefenta iri ɗaya ce, na san wannan. Na jingine keken, na karɓi sanda a hannun wani dillali, na caka a gefen hanya, ta nutse. Na caka a cikin ruwan, ta tsaya cak kamar ta sami dutse. Na sa hannu na ɓanɓaro ƙasar, na ga ta yi baƙi, ta haɗe da kashin shanu da guntayen kara, kofato ya murje ta ta zama fata guda. Dillalin ya tsaya yana kallon malamin makaranta da farar riga yana shinshina taɓon kara. Ban yi masa bayani ba.

Da na je gida na fara gaya wa Yaya da Hanne a tsakar gida. Hanne ce ta ajiye taɓarya, ta ce, "Wato dai, Baturen Gida, daɓe kake so shanu su yi maka?"

Na ce, "Daɓe, ba wani abu ba. Yadda kike zuba tsakuwa da makuba ki buga da madaɓi har ruwa ya kasa shiga, haka kofato zai yi wa gindin tafki."

Ta ce, "To, ni dai ban taɓa gayyatar saniya daɓe ba. Wace waƙar za a yi mata?"

Ta yi dariyarta, amma na ga ta fahimta tun kafin mijinta.

Wahalar tana wurin shanun. Duk unguwarmu ba a tara shanun da za su taka rabin tafkin ba. Garken da muke da alaƙa da shi na Arɗo Buba ne, Bafulatanin da tun zamanin mahaifinmu yake sauka a gandunmu da rani. Al'adar kuwa sananniya ce: shanu su ci karan gona su kwana a cikinta, su bar taki, mai gona kuma ya ba makiyayi damman hatsi. Manomin jigawa da ya rasa wannan taki ya san abin da zai girba. A shekarar nan garken bai daɗe da sauka a babbar gonar Yaya ba. Abin da nake nema shi ne a ɗauke shanun daga gonar a mayar da kwanansu cikin tafki, a kuma ciyar da su a can da harawar da Yaya ya adana. Wato ya ba da takin shekara guda da abincin dabbobinsa a kan abin da na gani a kasuwa.

Bayan sallar Juma'a aka zauna a gindin tsamiya. Liman ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, bara mun kewaye tafkin nan da ƙaya don kada akuya ta sa baki. Bana kana cewa mu tura garke guda ya yi kashi a ciki. A makarantar taku haka aka koya muku tsafta?"

Aka yi dariya. Na jira ta lafa, na ce, "Allah ya gafarta Malam, tsaftar ruwa sai akwai ruwan. Shingen da muka yi ya tsare mana yashi ne kawai. A bar shingen inda yake, amma a juya aikinsa: bara ya hana shanu shiga, bana ya hana su fita. Idan tafki ya cika ya kwanta, kai za ka duba launinsa da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa. In ka ce bai halatta ba, ba wanda zai taɓa shi."

Arɗo Buba yana gefe, ya dogara da sandarsa. Kaɗo yake kirana, yadda Fulani suke kiran Bahaushe. Ya ce, "Kaɗo bai yi ƙarya ba. Duk mashayar da shanu suka daɗe suna bi, ita take ƙafewa a ƙarshe. Amma ni ban taɓa jin an yi abin da gangan ba. Kuma ku sani, ranar da aka yi ruwan shuka zan kora dabbobina. Ba zan zauna saniya ta ci tsiron wani a kai ni gaban alƙali ba."

Ido ya koma kan Yaya, tunda gonarsa da harawarsa ake magana. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "A kai su tafkin." Ya tashi ya tafi.

Aikin ya bi tsari, domin ban yarda a yi shi da ka ba. Da farko aka rage tsayin gefunan tafkin, aka kwantar da su yadda saniya za ta hau ta sauka ba tare da ta zame ba. Sannan aka ɗauko laka daga fadama. Duk jakin da ya je kogi ɗebo ruwa da safe, da yamma sai ya sake komawa da mangala. Lakar ta bushe ta yi tauri kamar dutse, sai an fasa ta da taɓarya. Mutanen da suke wannan aiki kunu ne kaɗai a cikinsu. Rana tana dukan ƙeya, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, gumi ya bushe a jiki ya bar gishiri fari a bayan riga. Na ɗauki hutun makaranta gaba ɗaya a bakin ramin nan. Inda aka zuba laka ba ta kai kauri ba na sa a ƙara, inda aka bar dunƙule na sa a koma a farfasa. Na san abin da ake faɗa a bayana, wani lokaci ma a gabana. A kan lakar aka watsa ƙaiƙayi da tattakar kara, da yamma kuma aka kora shanu ciki aka ja ƙaya aka rufe.

Makonni suka wuce shanu suna kwana a ciki, suna zuba taki, suna niƙe lakar ta zama gari. Amma busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa. Kowace yamma mukan dubi gabas. Hadari ya taso ya yi baƙi, iska ta kaɗa shi ya watse. Harawar Yaya tana ƙarewa, babbar gonarsa tana kwance fari fat babu taki. Hanne takan kawo mini kunu bakin tafki ta ce, "Sha, Bature. In daɓen bai yi ba, aƙalla mun gina wa shanun Arɗo ɗaki."

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska mai ƙarfi da ƙamshin ƙasa. Bai kai na shuka ba, amma ya jiƙa tafkin ya zama taɓo har idon sawu. Washegari duk unguwa ta fito. Arɗo da 'ya'yansa suka shiga tsakiya suna kiran shanun da sunayensu, suna juya su kamar ana sussuka. Ƙarar kofato a cikin laka, da numfashin shanu, da warin taki da rana ta dafa, har yau idan na rufe ido ina jin su. Taɓon da ya fara da ruwa-ruwa ya yi ta kauri, ya yi danƙo, har saniya tana cire ƙafa da ƙyar.

Sai dai saniya ba ta son gangare. Duk yadda aka kora su, sai su taru a tsakiya inda ya fi daɗin tsayuwa, su bar gefuna. Gindi ya daɓu, bango yana nan yashi. A nan ne kanwa ta yi mana rana. Na sayo ta a Wudil, muka daka, muka riƙa zuba ta a ƙwarya muna ajiyewa a kan gangaren. Shanu suna jin ƙamshinta suka yi sama suna turereniya, suna hawa suna sauka. Kowace safiya in bi gefen da sanda ina cakawa. Inda ta tsaya, mun gama da nan. Inda ta nutse, nan ƙwaryar kanwa za ta kwana. Arɗo ya ce, "Kaɗo, ka mayar mini da shanu 'yan makaranta. Saura ka ba su allo." Na ce masa sun fi wasu ɗalibaina jin magana.

Yamma ta daɓu, kudu da arewa suka daɓu. Saura gefen gabas, wanda ya fi tsayi, kuma ta nan yashin ya fi zurfi. Muna cikinsa aka yi ruwan shuka, ruwa mai nauyi wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Gari na wayewa kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona, ba kuma wanda zai zarge su. Na isa tafki na tarar Arɗo ya ɗaure kayansa a kan shanun dako.

Ya ce, "Mun yi alkawari, Malam. Ruwan shuka ya sauka."

Na caka sanda a gefen gabas a gabansa. Ta shige har rabi. Na ce, "Arɗo, tulun da ya fashe ta gefe ɗaya bai fi wanda ya fashe ta ko'ina riƙe ruwa ba. In ka tafi yau, duk abin da shanunka suka yi ya tashi a banza."

Ya ce, "To ta ina zan fitar da su kiwo in an shuke gonaki? Ta sama?"

Gaskiyarsa ce. Hanya ɗaya ce daga tafki zuwa burtali, kuma ta cikin babbar gonar Yaya ta ratsa. Idan aka shuka gonar, shanu ba su da mafita. Idan ba a shuka ba, Yaya ya rasa ruwan farko, kuma a jigawa geron da ya makara shi ne geron da ɗaukewar ruwa take kamawa. Ga shi dama gonar ba ta sami taki ba.

Muna tsaye sai ga Yaya da sungumi a kafaɗa, Hanne a bayansa da ƙwaryar iri a ka. Ya dubi kayan Arɗo, ya dube ni, ya gane abin da ake ciki.

Ya ce, "Malam, gefe uku sun yi. Ɗayan ba zai haƙura ba?"

Na ce, "Ba zai haƙura ba, Yaya."

"Ka tabbata, ko dai halinka ne na sai layi ya miƙe?"

Na miƙa masa sandar. Bai karɓa ba. Hanne ce ta sauke ƙwaryar iri, ta tattare zaninta, ta gangara gefen gabas ta buga dunduniya a wurare da dama, kamar yadda take gwada daɓen ɗakin amarya. Ta ɗago ta ce, "Maigida, wannan karon ba fitinar Bature ba ce. Daɓen nan bai nuna ba. In ni na yi shi, ba zan bari a shimfiɗa tabarma a kai ba."

Yaya ya sauke sungumin daga kafaɗa, ya jingine shi a jikin shinge. Ya ce da Arɗo, "Kwance kayanka. Gonata hanya ce har sai Malam ya ce an gama."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafiya nauyi a rayuwata. Gonakin maƙwabta suka tsiro, layi-layi kore shar, tamu tana kwance shanu suna bi ta kanta safe da yamma. Muka tattara kanwar da ta rage a gefen gabas, muka ƙara laka, muka jiƙa da ruwan da ya taru a gindi. Can saman gangaren, inda shanu suke zamewa, Hanne ta gayyato matan unguwa da madaɓansu bayan sun dawo daga shuka. Suka durƙusa a jere suna bugawa tare, suna waƙar daɓe, shanu a ƙasa mata a sama. A ranar na sake jin muryar Hanne a waƙa. Da safiyar da sandata ta tsaya a kowane taku na gefen gabas, na bi shi sau biyu don kada in ruɗi kaina, sannan na ce da Arɗo ya sauka lafiya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, an tashi daga makaranta." Shanu na fita Yaya ya shiga gonarsa da sungumi, ni ina binsa da iri.

Damina ta kankama, tare da yunwar da take zuwa kafin sabon hatsi. Aka koma tafasa da rama da yaɗiya, a yayyafa ɗan gari a kai don a ce an ci abinci. Tafki ya cika, amma abin da ya cika shi ba ya kallo: kore, mai kumfa, warinsa yana kaiwa har masallaci. Hanne ta ɗebo a moɗa ta kawo mini ta ce, "Ga shayinka, Bature, ya ji madara." Liman kuwa idan mun haɗu sai ya gaishe ni da kyau ya wuce, bai tambaya ba. Da marka ta sauka sosai, tafkin ya tumbatsa ya yi ta malala ta bakin da muka bar masa, ya wanke kansa. Sannu a hankali ruwan ya kwanta. Kwaɗi suka tare, bado ya fito. Wata safiya Liman ya zo da kansa, ya ɗebo a tafin hannu, ya duba, ya shinshina, ya kurɓa. Ya tsuguna ya yi alwala a gaban jama'a. Ruwan sha kuwa, na kafa doka a kowane gida a tace shi da ƙyalle mai tsafta saboda kurkunu, na kuma bi gida-gida ina duba ƙyallayen, abin da bai ƙara mini farin jini ba.

Geron Yaya ya makara kamar yadda muka ji tsoro, abin da ya girba bai kai na maƙwabta ba. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma ce ya fasa tafiya ba. Jarrabawar gaskiya tana gaba. Na kafa turke a cikin ruwan na yi masa tsaga. Aka yanke dawa, lokacin da bara tafkin ya zama fili, ruwa yana nan, ya sauka kaɗan daidai abin da rana da tuluna suka ɗauka. Ɗari ya zo ya wuce, ruwa yana nan. Jakuna suka huta da hanyar kogi, kumburin wuyan Hanne ya sace. Wasu suka kafa ɗan lambun albasa a bakin tafkin. Wani gida da ya tashi ya aiko a duba masa ko ɗakunansa suna nan. Duk da haka zauren Baba yana zube, ni kuma ban sake tayar da maganar ba.

Sai da bazara ta dawo da zafinta, irin na bana, wata Asabar na iso gida a kan keke. Na bi ta tafki kamar kullum, na tarar da ruwa har ƙugun babban mutum. Da na karyo kwanar gidanmu sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ƙofar gida an tara jar ƙasa an yi mata rami a tsakiya, tuluna a jere, Hanne tana juye ruwan tafki a ciki ba tare da ta auna ba. Yaya Garba ya naɗe wando har gwiwa yana taka ƙasar gini da ciyawa. A gefe tubala suna shan rana, an kuma ja igiya a inda bangon zaure zai tashi.

Na sauka daga keke na yi sallama. Ya amsa bai daina takawa ba. Na dubi igiyar na ce, "Yaya, layin nan ya ɗan karkata ta gabas."

Hanne ta saki tulu ta riƙe ciki don dariya. Yaya ya tsaya, ya share gumi da bayan hannu, ya ce, "Gyara shi, Malam. In ka gama ka cire takalmin nan ka shigo. Ko sai na sa maka kanwa?"

Na gyara igiyar. Na cire takalmi da safa, na naɗe wandona, na shiga taɓon kusa da yayana.

Yaya da Hanne da Arɗo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Zauren yana tsaye, jikokin Yaya ne suke zama a cikinsa. Unguwar ta sami famfon burtsatse yanzu, tafkin ya zama na dabbobi da masu lambu da masu gini, an kuma cire shingen tuntuni, shanu suna sabunta daɓensu da kansu kowace shekara. Jiya na sa aka kai ni a mota, domin ƙafa ba ta taka keke kuma. A tsakiyar wannan zafi na tarar da ruwa kwance, bado a kansa. Na gangara gefen gabas a hankali, na caka sandar da nake dogarawa. Ta tsaya.